Dofamin da Maganin Taɓin Hankali: Darasi ga Iyalan da Ciwon Ya Fara Shiga Gidansu

Ya ku iyaye da 'yan'uwa masu jinya, idan matashi a gidanku ya fara keɓe kansa, barci ya ƙaurace masa, yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya haƙiƙance cewa ana bibiyarsa da sharri, kuma hakan ya ɗauki makonni, to mai yiwuwa ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya ne ya soma. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ne ke fama da shi, wato mutum 1 cikin 300. Yakan fara daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma yakan riga bayyana ga maza. Wannan darasi zai bayyana muku abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa, da yadda magani ke aiki, da dalilin da ya sa wani yake samun sauƙi da wuri, wani kuma sai an sauya masa magani.

Mene ne dofamin?

Ƙwayoyin jijiya da ke ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba. Akwai 'yar tazara tsakaninsu. Domin saƙo ya tsallaka, ƙwaya ɗaya takan saki wani sinadari, ta gaba kuma ta karɓe shi ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinta. Dofamin ɗaya ne daga cikin waɗannan sinadarai. Masanin ƙasar Swidin, Arvid Carlsson, shi ne ya nuna aikinsa a ƙarshen shekarun 1950, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 2000.

Ku ɗauki dofamin tamkar sankiran gari. Aikinsa shi ne ya yi shela idan wani abu muhimmi ya faru, domin hankali ya karkata gare shi. Idan sankira ya riƙa kaɗa ganga dare da rana ba tare da an aike shi ba, mutanen gari za su ruɗe, kowa ya shiga neman dalili. Haka abin yake ga yawancin masu wannan ciwo: wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa yana haɗa dofamin yana sakinsa fiye da kima. Sai tarin maƙwabci, ko kallon mai wucewa, ko wata kalma a rediyo, su zama kamar saƙo ne da aka yi musamman dominsa. Majiyyaci ba ƙarya yake yi ba, kuma ba taurin kai ba ne. Abin da yake faɗa shi ne yadda ƙwaƙwalwarsa ta fassara shelar da take ji. Saboda haka gardama da shi ko duka ba sa gyara komai.

Yadda magani yake aiki

A 1952 likitoci a birnin Faris suka fara amfani da kulofuromazin, wanda aka fi sani da Largactil, suka ga ruɗu da muryoyi suna lafawa. Halofaridol, wato Haldol, ya biyo baya a 1958 daga ƙasar Beljiyam. Sai a tsakiyar shekarun 1970 aka tabbatar da cewa waɗannan magunguna suna toshe wani rukuni na ƙofofin dofamin da ake kira D2. Risfaridon da olanzafin, waɗanda suka zo daga baya, su ma suna taɓa waɗannan ƙofofi.

Ku lura da abu biyu. Na farko, maganin ba ya kore sankiran; rufe wasu ƙofofi yake yi don kada shelar ta shiga da ƙarfi. Shi ya sa idan aka daina sha da wuri, ƙofofin sukan buɗe, ciwon ya dawo. Na biyu, akwai ma'auni. Wani bincike da aka wallafa a 2000 daga Toronto ta ƙasar Kanada, a kan waɗanda ciwon ya kama karon farko, ya nuna cewa sauƙi yakan samu idan an toshe kimanin kashi 65 cikin 100 na ƙofofin, amma idan aka kusanci kashi 80, sai sandarewar jiki da karkarwa su yawaita. Tsakanin amfani da illa ƙaramin fili ne. Wannan ne dalilin da ya sa ake farawa da kaɗan, a ƙara a hankali. Ninka ƙwaya a gida don neman saurin warkewa wahala kawai yake ƙara wa majiyyaci.

Me ya sa magani ba ya karɓar kowa?

Masu bincike a Landan sun yi amfani da wata na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa mai auna yadda ake haɗa dofamin. Sun gano cewa, a cikin waɗanda ciwon ya kama karon farko, waɗanda dofamin ɗinsu ya yi yawa tun kafin fara magani su ne suka fi samun sauƙi, waɗanda kuma magani bai karɓe su ba yawanci nasu bai wuce na masu lafiya ba. Hankali ma zai kama haka: idan matsalar ba ta yawan shela ba ce, rufe ƙofa ba zai wadatar ba. A irin waɗannan mutane masana suna duba rawar wani sinadarin daban mai suna gulutamet.

Kusan mutum 1 cikin 3 na masu ciwon ba sa samun isasshen sauƙi da magungunan farko. Wannan ba laifin majiyyaci ba ne, ba kuma alama ce ta cewa ciwon ba na asibiti ba ne. Ƙa'idar likitoci ita ce: idan an gwada magunguna biyu daban-daban, kowanne da cikakken awo na aƙalla mako 6, an kuma tabbatar ana sha, amma ba a ga sauƙi ba, sai a duba kulozafin, wanda ake sayarwa da sunan Leponex ko Clozaril. Tun 1988 bincike ya nuna yana taimakon da yawa daga cikin waɗanda sauran magunguna suka kasa. Sai dai yana iya rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, don haka ba a shan sa sai a hannun likitan ƙwaƙwalwa tare da gwajin jini a kai a kai.

Na'urar da aka ambata ta ɗakin bincike ce. A asibitocinmu, idonku ne yake maye gurbinta. Ku tanadi ɗan littafi, kowane mako ku rubuta ko ku sa a rubuta muku: awa nawa yake barci, yana cin abinci, yana wanka da kansa, muryoyin sun ragu, tsoron ya lafa? Barci da natsuwa sukan fara gyaruwa cikin kwanaki, muryoyi da zargi kuwa sukan ɗauki makonni. Idan mako 2 zuwa 4 suka wuce babu ko alamar canji, ku koma ku faɗa, kada ku jira ƙwayoyin su ƙare.

Illolin da za ku sa wa ido

Dofamin yana da hannu a motsin jiki da kuma sarrafa sinadarin da ke kawo ruwan nono, shi ya sa toshe ƙofofinsa yake iya jawo:

Karkarwar hannu, sandarewa, tafiya a hankali, ko dalalar miyau.
Murɗewar wuya, kafewar muƙamuƙi ko juyewar ido sama, musamman a kwanakin farko. Wannan yana da allurar da ke warware shi. Ku kai shi asibiti nan take.
Kasa zama wuri ɗaya, wanda ake iya ɗauka ciwon ne ya ƙaru alhali maganin ne.
Ɗaukewar al'ada ko zubar ruwan nono ga mace, da raunin sha'awa ga namiji.
Ƙiba da hauhawar sukari, musamman da olanzafin.
Jiri idan an miƙe, da saurin ƙunar fata a rana, musamman da Largactil. A lokacin bazara a yawaita shan ruwa, a nemi inuwa.

Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa kuwa lamari ne na gaggawa: a dakatar da magani, a garzaya asibiti. Haka nan idan majiyyaci ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. Ruɗewar da ta zo kwatsam tare da zazzaɓi ga wanda bai taɓa wannan ciwo ba tana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ita ma ba ta jira.

Ga masu zirga-zirga tsakanin Nijar da Najeriya

Da yawa daga cikinmu suna zaune a Maraɗi suna fatauci a Katsina, ko suna Ƙonni suna cin kasuwar Illela, ko suna Damagaram suna ci-rani a Kano. Tafiya ce takan yanke magani. Kafin ku tashi, ku karɓi wanda zai ishe ku, ku riƙe katin asibiti da kwalin maganin. Magani ɗaya yana iya samun suna daban a kowane ɓangare, don haka ku roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta muku sunansa na asali da awonsa, kada a haɗa wa mutum iri ɗaya sau biyu. Ku saya a kantin magani mai rajista, ba a faranti ko bayan keke ba. Wanda shan ƙwaya kullum yake yi masa wuya ya tambayi allurar da ake yi duk bayan mako 2 zuwa 4. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, da Kaduna, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen masu taɓin hankali a babban asibitin ƙasa na Yamai. Asibitin da ya fi kusa da ku zai nuna muku inda za ku dosa.

Abin da ya rage a hannunku

Bincike ya sha nuna cewa gwargwadon daɗewar da aka yi kafin fara magani, gwargwadon wahalar murmurewa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Addu'a da magani ba sa karo da juna. Ku yi addu'a, ku kuma kai shi asibiti. Mari da sarƙa da horon yunwa ba su taɓa rage dofamin ba, sai dai su bar rauni da tsoro. Ku nisanta shi daga tabar wiwi da ƙwayoyin ƙara kuzari, domin suna tayar da shelar da ake ƙoƙarin kwantarwa.

Idan sauƙi ya samu, kada a ajiye magani. Bayan kamun farko akan ci gaba aƙalla shekara ɗaya daga lokacin da alamomi suka gushe, kuma ragewa ko dainawa shawara ce da ake yankewa tare da likita, a hankali. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai niyyar azumi, su nemi shawara tukuna. Sau da yawa ana iya gyara lokacin sha. Ku mayar da shi cikin hidimar gida sannu a hankali, ku riƙa neman ra'ayinsa a kan jinyarsa, ku kira shi da sunansa. Da yawa sun koma gona da kasuwa da makaranta, sun yi aure sun riƙe iyali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.