Zaɓen Motar Jan Tirelar Dawakai da Shanu: Mai Ja da Ƙafa Huɗu ko Mai Ja da Ƙafa Biyu?

Gabatarwa

Manomin da ke da dawakai ko shanun huɗa yakan buƙaci kai su wani wuri mai nisa: asibitin dabbobi, kasuwa, wata gonar, ko filin hawan sallah. Bisa al'ada, hayar babbar mota ake yi a loda dabbobin a bodi. Amma wasu manoma da ƙungiyoyin gama-kai sun fi son mallakar a-kori-kura da ƙaramar tirela, domin motar ta yi sauran aikin gona a ranakun da babu jigilar dabba. Tambayar da akan kawo wa malaman gona ita ce: shin a sayi mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda direbobinmu ke kira mai ogzilari, ko kuwa mai ja da ƙafafun baya kawai ta wadatar?

Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Kuskure kuma iri biyu ne. Wani zai zuba kuɗi a kan abin da ba zai taɓa amfani da shi ba, wani kuma zai yi tsimi ya ƙare da doki a tsaye cikin tirela, mota ta kafe a fadama, magariba ta kawo jiki.

Abin da ogzilari ke yi

A mota mai ja da ƙafa biyu, ƙarfin inji yana bi ta giya zuwa ƙafafun baya kaɗai. Na gaba aikinsu juya mota da ɗaukar nauyin inji. A mota mai ja da ƙafa huɗu akwai ƙarin akwatin giya da ke raba ƙarfin, ya aika wani gaba, wani baya. Za a ga alamu uku a jikin sandar ko maɓallin: 2H, 4H da 4L. Na farko shi ne tafiyar yau da kullum a kan kwalta. Na biyu domin hanya mai santsi ko yashi. Na uku, wato 4L, yana rage saurin mota ya ninka ƙarfin juya ƙafa kusan sau biyu da rabi a yawancin a-kori-kurar da muke da su.

Ya kamata manomi ya fahimci cewa ogzilari ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake ƙarawa shi ne yawan tayoyin da ke kama ƙasa. Haka kuma ba ya ƙara birki. Kowace mota, mai ogzilari ko marar shi, da ƙafa huɗu take taka birki. Wannan shi ne inda direbobi da yawa ke ruɗuwa: motar ta tashi cikin sauƙi a kan hanya mai santsi, sai direba ya ɗauka za ta tsaya cikin sauƙi ma. Tirela mai tan biyu da ke bayansa ba ta san da ogzilari ba, tura motar za ta yi.

Akwai kuma abin da ke tsakanin ƙafafun baya wanda ya kamata a sani. Haƙoran da ke cikin wannan gida suna ba ƙafa ɗaya damar juyawa fiye da 'yar'uwarta a kan kwana. Illarsu ita ce idan ƙafa ɗaya ta faɗa laka, ita za ta yi ta wulwulawa, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa kuma ta tsaya cik. Wasu motoci suna da makullin da ke haɗe ƙafafun biyu su juya tare. Mota mai ja da ƙafa biyu da ke da wannan makulli, da tayoyi masu zurfin zane, takan wuce wuraren da mutum bai zata ba.

A fara da lissafin nauyi

Kafin a yi maganar ƙafa biyu ko huɗu, a zauna da biro da takarda. Kamfanin da ya ƙera mota yana bayyana iyakar nauyin da za ta ɗauka da wanda za ta ja, a littafin mota ko a ƙaramin farantin da ke jikin ƙofa. Alal misali, wasu samfuran Toyota Hilux na shekarun baya-bayan nan an yarje musu jan kilo 3,500 idan tirelar tana da birkinta, tsofaffin samfura kuwa ba su kai haka ba. Idan tirelar ba ta da birki, iyakar ita ce kilo 750 kacal. Tirelar dawakai biyu, ko babu komai a ciki, takan kai kilo 800 zuwa 1,000. Ma'ana, babu wata tirelar dawakai biyu da ya halatta a ja ba tare da birkinta ba. Masu walda a garuruwanmu suna ƙera tirela mai kyan gani, amma sau da yawa babu birki. A tambaya kafin a biya.

Mu ɗauki misali. Tirela mai kilo 950, dawakai biyu na gida kowanne kilo 350, sai ruwa da harawa da dusa da sirdi kilo 150. Jimla kilo 1,800 ke nan. Idan dawakan folo ne da ake shigowa da su daga Ajantina, ko kuma ƙosassun bijimai biyu na Bunaji, lissafin zai haura tan biyu.

Daga cikin wannan nauyi, kimanin kashi 10 cikin 100 yana sauka a kan ƙugiyar da ke bayan mota. A misalinmu, kilo 180 ne. Wannan kuwa daga cikin abin da motar ke iya ɗauka ake cire shi. Idan an yarje wa motar ɗaukar kilo 900, a cire 180, a cire nauyin mutum biyar, wato kamar 350, saura 370. Buhu huɗu na masara mai kilo 100 sun riga sun zarce iyaka. Manomi da ya saba cika bodi har sama sai ya kiyaye wannan a ranar da ya ɗaura tirela.

A nan ne ma mota mai ja da ƙafa biyu ke da ɗan fifiko. Ƙarin akwatin giya da sauran ƙarafan gaba suna ƙara wa mai ogzilari nauyi, sau da yawa fiye da kilo 100. Wannan nauyi nata ne, kullum tana ɗauke da shi, kuma yakan rage abin da za a ɗora mata.

Nauyin da ke sauka a kan ƙugiya yana danne ƙafafun baya, don haka yana taimaka wa mota mai ja da baya ta kama ƙasa. Amma ga mota mai ja da ƙafafun gaba, irin su J5 da yawancin ƙananan motoci, akasin haka ne. Tirela tana ɗaga gaban motar, ƙafafun da ke ja su yi sako-sako. Irin wannan mota ba ta dace da jan dabbobi ba.

A duba hanya mafi muni

Shawarar da nakan bayar ita ce kada a duba kilomita 200 na kwalta. A duba kilomita biyu na ƙarshe, daga bakin titi zuwa garke, kuma a duba su a watan Agusta, ba a watan Janairu ba.

Ƙasa iri-iri ce, kowace da halinta. Hanyar burji idan an daddaɓe ta da kyau tana ɗaukar mota har cikin damina, sai dai samanta yakan yi santsi bayan ruwan sama, musamman a kan hawa. Ƙasar fadama mai yumɓu, irin ta kwarin Neja da Binuwai inda ake noman shinkafa, ita ce babbar matsala. Tana riƙe ruwa kwanaki, tana cike zanen taya har tayar ta koma sumul. Baƙar ƙasar firgi ta yankin Tafkin Chadi ta fi ta ma: da rani ta daddare kamar dutse, da damina ko mai ogzilari sai ta yi da gaske. Yashi kuwa, irin na jigawa ko na busasshen rafi, matsalarsa da rani ta fi yawa. Tayoyin tirela suna nitsewa a ciki, mota ta zama kamar tana jan garma.

Na taɓa ganin wannan da idona a wata gonar gwaji da ke bakin fadama. An kawo shanun huɗa biyu a tirela da safe, hanya lafiya lau. Da la'asar aka yi ruwa na kamar rabin sa'a. Hawan da za a fita da shi bai fi tsawon filin ƙwallo ba, kuma mutum da ƙafa ba zai ma kira shi hawa ba. Motar mai ja da baya ce, ta yi ta haƙa rami a wuri ɗaya. Ƙarshe sai da aka sauke shanun, aka ɗaura musu karkiya, su suka janyo motar. An yi dariya ranar, domin shanu ne masu haƙuri. Da ingarman doki ne, sauke shi a cikin laka ana tsawa ba abin dariya ba ne.

A matsayina na mai nazarin amfanin gona, akwai abin da nake jin tsoro game da ogzilari. Yana ba direba ƙarfin halin shiga gona tana jiƙe. Motar za ta fita, amma ta bar ƙasa a danne. Dannanniyar ƙasa ba ta shan ruwa, saiwa ba ta ratsa ta, kuma sawun tayar yakan bayyana a tsayin masara har shekara mai zuwa. A tsayar da mota a bakin gona, a jawo dabba da ƙafa.

Masu zama a tuddai lissafinsu daban ne. Wanda zai bi Hawan Kibo zuwa Jos yana kan kwalta ne, saboda haka abin da yake buƙata shi ne inji mai ƙarfi, lagireto mai lafiya da birki mai kyau. Ogzilari ba zai yi masa komai a can ba. Amma wanda garkensa ke ƙauyukan tsaunin Mambila, inda akwai hawa da gangara da ruwan sama na watanni masu yawa a kan hanyar ƙasa, ba shi da zaɓi sai mai ja da ƙafa huɗu.

Amfanin 4L ga dabbar da ke tsaye

Buhun taki idan an ajiye shi yana nan inda yake. Doki kuwa a tsaye yake, nauyinsa yana sama, kuma duk lokacin da mota ta fizga sai ya gyara tsayuwa. Direban mota mai ja da ƙafa biyu idan ya ga laka ko yashi a gabansa, dabararsa ɗaya ce: ya ja da baya, ya taho da gudu. Wannan gudu da tsalle-tsalle shi ke sa doki ya zame, ya gurje, ko ya tsorata har ya ƙi shiga tirela nan gaba. Da 4L ana iya ratsa wurin a hankali kamar tafiyar ƙafa. Haka nan wajen komawa da baya da tirela a ƙunci, ko tashi a tsakiyar hawa, 4L yana hana ƙona kuloci. A ganina wannan ne babban dalilin da zai sa mai dawakai masu tsada ya biya kuɗin ogzilari, ko da hanyarsa ba ta yi muni sosai ba.

Tun da a Nijeriya hannun dama muke bi tun 1972, idan doki ɗaya ne a tirela a tsayar da shi a ɓangaren hagu, wajen tsakiyar titi inda ya fi tudu. Idan biyu ne, mai nauyin ya kasance a hagu.

Kuɗin saye da na riƙo

Mai ogzilari ta fi tsada a saye, ta fi shan mai, kuma tana da ƙarin wuraren da ke buƙatar baƙin mai da gyara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita ta zama abin lissafi ga manomi. Idan gonar tana bakin kwalta ko kyakkyawar hanyar burji, kuma yawancin jigilar da rani ake yi, lokacin kasuwa da bukukuwa, to a sayi mai ja da ƙafa biyu, a sa rarar kuɗin a tirela mai birki da tayoyi masu kyau. Kwana biyu ko uku na tsakiyar damina ana iya jinkirta tafiya, ko a roƙi mai tarakta ya fitar da tirelar bakin titi. Amma idan mutum yana da dabbobin da dole a iya kai su ga likita kowace rana ta shekara, kuma tsakaninsa da titi akwai fadama ko rafi, jinkirin kwana biyu na iya zama asarar dabba. Doki mai ciwon ciki ba ya jiran hanya ta bushe.

Idan an sayi mai ja da ƙafa huɗu

Yawancin manoma ta hannu suke saya, don haka a gwada ogzilarin kafin a biya. A leƙa ƙarƙashin motar. Akan sami wadda makaniki ya cire mata furofelar gaba saboda ta lalace, aka ci gaba da tafiya da baya kawai, alhali rubutun jikin bodi yana nan. A kai ta kan ƙasa, a sa 4H, a sa 4L, a ji ko suna shiga suna fita ba tare da ƙara ba. Tsofaffin motoci suna da makulli a cibiyar ƙafafun gaba da ake murɗawa da hannu. Idan ba a murɗa shi ba, ko an sa ogzilari ƙafafun gaba ba za su ja ba.

Kada a yi tafiya da 4H ko 4L a kan busasshiyar kwalta, sai fa idan motar irin wadda aka ƙera ne ta riƙa ja da ƙafa huɗu kullum. A kan kwana ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya, kuma idan ƙasa ba ta ba su damar zamewa ba, haƙoran giya ne za su ɗauki wahalar har su karye. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, zane ɗaya. A riƙa sa ogzilarin ana ɗan tafiya da shi a kan hanyar ƙasa ko da sau ɗaya a wata, har da rani, domin mai ya zagaya. A sa shi tun kafin a shiga laka, ba bayan an kafe ba. A cikin yashi, rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, amma a mayar da ita da zarar an hau titi.

Ƙugiyar jan tirela a ɗaure ta da kusoshi a jikin shasi, kada a yi mata walda a bamba. A kuma lura cewa ƙwallon ƙugiyar Turai milimita 50 ne, na Amurka kuwa da aka fi samu inci biyu ne, wato ya ɗara kaɗan. Ido ba ya ganin bambancin, amma idan bakin tirelar na Amurka ne ƙwallon kuma na Turai, zai yi sako-sako, kuma rami ɗaya ya isa ya raba su. A auna, sa'annan a ɗaura sarƙar tsaro a kowace tafiya.