Yadda Ake Zuwa Ta'aziyya Daga Kano Zuwa Zangon Kumasi

Gidaje da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato suna da dangi a Gana. Wasu tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja suka tafi, da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892 sai suka gangara kudu, suka kafa zango a Kumasi da Akra. A 1969 kuma gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardun zama, gida ɗaya ya rabu biyu, wa ya dawo, ƙane ya zauna. Irin waɗannan dangi, sau da yawa sai rasuwa ke haɗa su.

Idan waya ta zo cewa an yi rashi, ka yi istirja'i, ka yi wa mamaci addu'a, kada ka ce a jira ka. Ba a ajiye gawar Musulmi don ɗan'uwa yana hanya, kuma kafin ka isa Legas ma an riga an kai shi makwancinsa. Abin da za ka tambaya shi ne ranar da dangi za su taru. A zanguna ana yin addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Malamai sun saɓa a kan waɗannan ranaku, amma babu mai jayayya a kan zuwa ta'aziyya. Wanda ya taso daga Kano, ta bakwai ce ya fi sa ran riska.

Daga nan sai a zauna a gida a zaɓi masu tafiya. A ganina mutum biyu sun fi ɗaya: dattijon da ya san wane ya haifi wane, da matashin da zai iya da takardu da jami'an kan iyaka. A tara gudummawa, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar bizar shiga Gana, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi zaman kwana 90. Amma sai da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A nan mutane ke maƙalewa. Duk mai dangi a waje ya yi wannan allura tun ana zaune lafiya, domin ranar da labari ya zo babu kwana goman jira.

Mai hali ya hau jirgi daga Legas, kamar awa ɗaya ya sauka Akra. Mai bin mota zai ƙetare iyaka uku: Seme ya shiga Benin, ya wuce Kwatano ya shiga Togo, daga Lome ya faɗa Aflao ta Gana. Kuɗi ma kala uku ne, naira da sefa da sidi, don haka a canza kaɗan-kaɗan, a raba su aljihu-aljihu. Daga Akra zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya.

In ka isa Kumasi, ko unguwar Aboabo ce ko Asawase ko Sabon Zongo, kada ka fara da neman masauki. Gidan rasuwa za ka nufa da ƙurarka. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, ka zauna a gefen tabarma, ka nemi a yi wa mamaci addu'a. Bayan an shafa sai ka ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu bayan nasa." Sannan ka faɗi asalinka a hankali, sunan mahaifinka da na kakanka da unguwarku. Ka lura da fuskokin dattawa. Akwai wanda zai dafa gwiwa ya miƙe ya riƙe hannunka ya ƙi saki, yana duban goshinka yana cewa ga kamannin wane nan. Kada ka yi gaggawar zare hannun.

Ka nemi iso ka shiga cikin gida ka gai da iyaye mata da matan da suka shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Gudummawa kuwa a hannun babban gida ake danƙa ta, a keɓe, tare da takardar sunayen. Washegari ka roƙi wani ya raka ka maƙabarta, galibi ta Tafo, ka tsaya a kan kabarin ka yi addu'a.

Maganar gado ba ta baƙon kwana biyu ba ce. Wanda ya shekara ashirin bai leƙo ba, ya zo yana tambayar gida da shago, ya ɓata tafiyarsa, ya ɓata wa na gida suna. In za ka yi tambaya, ka tambayi ko mamacin ya bar bashi, da wanda zai riƙe marayu.

Sauran kwanakin na masu rai ne. Ka bi gida-gida, ka gai da liman da sarkin zango, ka sha kokon da aka kawo maka da ƙosai, ka ci tuwon zafi. Hausarsu ta bambanta da ta Kano, yaran ma wasu harshen Twi ya fi zama a bakinsu. Kada ka gyara wa kowa magana. Ka samu tsohuwar da ta fi kowa shekaru, ka zauna kusa da ita da littafi da biro, ta jero maka zuriyar tun daga kakan da ya taso da ayari. Ka kira gida ta bidiyo a WhatsApp, ka miƙa mata wayar ta ga 'yar'uwarta.

Kafin ka yi sallama, ka karɓi lambar matasa biyu ko uku, ba ta dattawa kaɗai ba, ka tambayi bikin da ke tafe a gidan, a tsayar da wanda zai zo daga Kano.