Zubewar Gashi: Yadda Ake Bambance Magani da Damfara

Zubewar gashi alama ce mai dalilai iri-iri, don haka duk kwalbar da aka rubuta a jikinta cewa tana maganin kowane iri, ta riga ta tona wa kanta asiri. Lafiyayyen mutum yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, gashi kuwa tsawon da yake ƙarawa a wata bai wuce kimanin santimita ɗaya ba, saboda haka mai lasifikar da ke faka mota a bakin kasuwar Tudun Wada ta Zariya yana rantse-rantse cewa sanƙo zai cike cikin mako biyu, alkawari yake yi da abin da jikin ɗan Adam bai iya ba.

Sanƙon gado, wanda ya fi addabar maza, wani sinadarin jiki ne da ake kira DHT ke haddasa shi, ta hanyar tsuke saiwar gashi sannu a hankali har silin ya sirance, daga baya ya daina fitowa. Magunguna biyu ne suka fi samun shaidar bincike a kansa. Na farko shi ne minoxidil, wanda asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura yana tsiro wa masu shansa gashi, sai Amurka ta amince da na shafawa a 1988. Na biyu shi ne finasteride, ƙwayar da aka amince wa maza da ita a 1997, wadda ke rage DHT, amma takan rage wa wasu sha'awa, kuma mai juna biyu ba ta sha, ba ta ko taɓa wadda ta fashe, domin tana iya cutar da ɗan tayi namiji. Dukansu sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga alama, ba sa farfaɗo da saiwar da ta daɗe da mutuwa, kuma idan aka daina, zubewar takan dawo. Wannan bayani ba ya jawo ciniki, shi ya sa ba a jin sa a lasifika.

Lamarin mata yakan bambanta. Mai jego takan ga gashi ya cika mataji wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, haka ma wadda ta tashi daga taifot, kuma galibi yakan dawo da kansa. A nan ne ɗan damfara ke cin banza, domin gashin da dama zai tsiro sai a jingina shi ga mansa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma sukan zubar da gashi, kuma gwaji suke bukata. Gaban goshin da matsattsen kitso da nauyin ƙarin gashi suka cinye kuwa, maganinsa a sassauta hannu tun wurin bai zama tabo ba. Man kaɗanya da man zaitun suna tausasa gashi su rage karyewa, iyakarsu ke nan. Makeron yara kuma, ƙwayar cutar tana cikin silin gashin, don haka sai an haɗa da maganin sha na makonni, irin su griseofulvin, a kuma daina tarayya a aska da mataji.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magunguna rajista, sai dai akwai abin da jama'a ba su cika lura da shi ba: lambar da ke ƙarewa da harafin L, wadda ake bai wa magungunan gargajiya, shaida ce cewa an duba ba sa cutarwa, ba ta tabbatar da cewa suna warkarwa ba. Ana kuma buga lambar bogi, don haka ya kamata a tantance ta a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook. Haɗin da aka ɗura a roba ba suna, ba jerin sinadarai, ba ranar lalacewa, wanda ake tallatawa a TikTok da hotunan "kafin" da "bayan", shi ya fi haɗari, tunda yana iya ƙunsar mai irin clobetasol mai sirantar da fata. Mutanen Tudun Wada ba su da nisa da likitocin fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma mai zuwa can ya kyautu ya tafi da duk kwalaben da ya riga ya shafa, domin likita ya ga abin da fatar kan ta sha.