Kwamfuta Ɗaya, Hannu Da Yawa: Yadda Ake Kulle Fayiloli A Shagon Ƙofar Wambai

Kasuwar Ƙofar Wambai da ke cikin birnin Kano ta yi suna wajen kayan roba, gwanjo, takalma da jakunkunan fata. A shagon ɗan sari da ya ajiye kwamfuta, da wuya a ce mutum ɗaya ne ke taɓa ta. Maigida yana rubuta farashin sari da sunayen waɗanda yake bi bashi, yaron shago yana buga rasit, ɗan maigida kuma yana zuwa da yamma ya yi atisayen jarrabawar JAMB ko ya tura fim a wayarsa. Dukkansu da kalmar sirri ɗaya suke shiga.

Nan matsalar take. Wanda ya zo kwafar fim yana iya buɗe littafin bashi, ya ɗauki hotonsa da waya, ko ya goge shi bisa kuskure. Idan farashin sari ya kai kunnen maƙwabcin shago, riba ta tafi. Idan littafin bashi ya ɓace, an shiga musu da kwastomomi. Akwai kuma hotunan katin shaida masu ɗauke da lambar NIN da mutane ke bari a kwamfutocin shago, alhali Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan jama'a alhakin tsare su.

Maganin ba sabon abu ba ne a Kano. A da can, kowace ƙofar ganuwa tana da Sarkin Ƙofa mai lura da shige da fice. Windows ma yana da irin wannan tsarin, kuma kyauta ne. Sai dai ba ya aiki har sai an ba kowa ƙofarsa.

Mataki na 1: Kowa da asusunsa

Windows yana da asusu iri biyu. Administrator shi ne na mai iko: yana girka manhaja, yana sauya saiti, yana iya shiga ko'ina. Standard na mai amfani ne kawai. Ƙa'idar ita ce maigida kaɗai ya riƙe na farko, sauran duka a ba su na biyu.

A Windows 11, a shiga Settings, sai Accounts, sai Other users, a danna Add account. A Windows 10 sunan wurin Family & other users. Idan aka tambayi imel, a zaɓi I don't have this person's sign-in information, sannan Add a user without a Microsoft account. A rubuta suna da kalmar sirri. Sabon asusun yana fitowa ne a matsayin Standard, a bar shi haka.

Da zarar an yi wannan, rabin aikin ya ƙare. Duk abin da maigida ya ajiye a Documents, Desktop ko Pictures ɗinsa yana cikin foldarsa ta C:\Users, kuma mai asusun Standard ba zai iya buɗe ta ba. Abin da ake so kowa ya gani, kamar samfurin rasit, a jefa shi a foldar Public.

Mataki na 2: Kulle folda guda

Masu gyaran kwamfuta kan raba ma'ajiya biyu, su ce a riƙa ajiye kaya a D. Wurin a buɗe yake ga kowane asusu, don haka sai an kulle da hannu. A ce foldar sunanta Lissafi:

1. A danna ta da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Properties, sai Security, sai Advanced.
2. A danna Disable inheritance, a ɗauki zaɓin farko mai farawa da Convert. Wannan ne ke hana foldar gadon izini daga D.
3. A cire Users da Authenticated Users. Kada a taɓa SYSTEM da Administrators.
4. A danna Add, a saka sunan asusun maigida, a ba shi Full control.
5. Idan akwai wanda ake so ya shiga, a ƙara sunansa da izinin da ya dace da aikinsa.

Izinin Read & execute yana barin mutum ya buɗe ya karanta, amma ba zai sauya ko ya goge ba. Shi ya dace da yaron da ke duba farashin da ake sayarwa. Modify yana barin rubutu da gogewa, sai a ba akawu. Full control ya haɗa da ikon sauya izinin kansa, saboda haka na maigida ne shi kaɗai.

A yi hattara da akwatin Deny. A Windows, hani yana rinjayar izini. Wanda ya sa Deny a kan rukunin Users ya kulle har da kansa, domin shi ma yana cikin rukunin. Cire suna ya wadatar.

Mataki na 3: Gwaji

A fita daga asusun maigida, a shiga na yaron shago, a gwada buɗe Lissafi. Idan saƙo ya fito cewa babu izini, ko aka nemi kalmar sirrin Administrator, kullen ya kama. Kada maigida ya taɓa ba da wannan kalmar don a girka wata manhaja. Ya zo ya buga da hannunsa. Duk lokacin da zai tashi zuwa masallaci ko wajen mai lodi, ya danna maɓallin Windows tare da L, allon ya kulle nan take.

Inda kullen ba ya kaiwa

Ɓoye folda da Hidden ba kullewa ba ne. Danna biyu a File Explorer zai fito da ita.

Izinin yana aiki ne a ma'ajiya mai tsarin NTFS. Yawancin filash da memori suna zuwa da FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su san izini ba. Fayil ɗin da aka kwafa can ya zama na kowa. Wanda aka ba izinin karantawa ma yana iya kwafa.

Mafi muhimmanci, izinin yana tsaro ne muddin Windows ɗin ne ke gudana. Ɓarawon da ya ɗauke kwamfutar, ko mai gyaran da ya cire ma'ajiyar ya jona ta a wata na'ura, zai karanta komai. Abin da ke toshe wannan shi ne rikita bayanai ta yadda ba sa karantuwa sai da mabuɗi. BitLocker na yin haka a Windows Pro. Wasu kwamfutocin masu Windows Home kuma suna da Device encryption. A rubuta mabuɗin ceto mai lamba 48 a takarda a adana a gida, domin idan ya ɓace, bayanan sun tafi. Ga fayil ɗaya ko biyu, manhajar 7-Zip ta kyauta tana kulle su da kalmar sirri ta tsarin AES-256.

Kullewa kuma ba ta hana ma'ajiya lalacewa. Littafin bashi yana buƙatar kwafi na biyu a wajen shago.

Ga mai waya

Matashin da ya jona wayarsa a kwamfutar shago ko ta kafe ya lura da abu biyu. Idan caji kawai yake so, kada ya zaɓi tura fayil. Idan ya buɗe WhatsApp a kwamfutar, ya shiga Linked devices a wayarsa ya fitar da ita kafin ya bar wurin, in ba haka ba mai zama bayansa zai karanta hirarsa. Android ma yana da tsarin masu amfani da yawa a waya tun fitowar Lollipop a 2014, ko da yake wasu kamfanonin suna cire shi. Inda babu, Safe folder ta manhajar Files by Google tana kulle fayiloli da lambar sirri.

Raba asusu ba zargin yaron shago ba ne, kariya ce gare shi. Ranar da lissafi ya rikice, wanda ba shi da izinin taɓa foldar ba ya cikin waɗanda za a tuhuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a kwamfutar shago, tsagar ita ce kalmar sirrin nan guda da kowa ya haddace.