Yadda Ake Sarrafa Aikatau a Lokacin Imparfait na Faransanci

Mai koyon Faransanci, a Maraɗi yake ko a Kano, yakan yi saurin iya cewa j'ai mangé, j'ai vu, wato na ci, na gani. Amma ranar da malami ya ce ya ba da labarin yarintarsa, sai harshe ya sarƙe. Abin da ya rasa shi ne imparfait, lokacin da ake faɗin abin da ake cikin yi a da, ko abin da aka saba yi, ko halin da ake ciki. A ganina, a duk lokutan aikatau na Faransanci babu wanda ya fi shi sauƙin gini, kuma babu wanda Bahaushe ya fi samun gata a kansa.

Mataki na farko: nemo tushe. Kada ka fara daga sunan aikatau yadda yake a ƙamus. Je ka ga siffarsa ta présent tare da nous, ka yanke -ons na ƙarshe. Parler yana ba da nous parlons, tushe parl-. Finir yana ba da nous finissons, tushe finiss-. Amfanin wannan hanya yana fitowa ne a aikatau masu taurin kai: boire, nous buvons, tushe buv-; prendre, nous prenons, tushe pren-; faire, nous faisons, tushe fais-. Wanda ya tsallake nous shi ne zai rubuta je boirais yana zaton ya ce "ina sha", alhali ya faɗa wani lokacin dabam.

Mataki na biyu: liƙa ɗafa-ƙeya. Shida ne, kuma ba sa canzawa ga kowane aikatau: -ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient. Ga parler ke nan: je parlais, tu parlais, il parlait, nous parlions, vous parliez, ils parlaient.

Karanta su da ƙarfi, za ka ji huɗu daga cikinsu, -ais biyu da -ait da -aient, sautinsu ɗaya ne. Baki ya huta, amma alƙalami bai huta ba. A shifta nan ne maki ke zubewa, domin kunne ba zai gaya maka il parlait aka ce ko ils parlaient ba. Sai ka koma baya ka duba mutum nawa ake magana a kai.

Aikatau ɗaya tak ya ƙi bin dokar tushe, shi ne être. Nous sommes ba ya ƙarewa da -ons, don haka haddace tushensa ét-: j'étais, tu étais, il était, nous étions, vous étiez, ils étaient. Sai falloir da pleuvoir, waɗanda ba su da nous ko kaɗan: il fallait, il pleuvait.

Mataki na uku ƙananan ƙa'idoji ne na rubutu. Aikatau masu ƙarewa da -ger suna riƙe e kafin a, domin g ya ci gaba da laushi: je mangeais, amma nous mangions. Masu -cer suna sa wa c 'yar wutsiya kafin a: je commençais, amma nous commencions. In tushe ya ƙare da i, kada ka ji tsoron i biyu a jere: nous étudiions daidai ne.

Yanzu ga inda aikin yake: yaushe ake amfani da shi? Nan nake roƙonka ka ajiye kowane harshe ka yi tunani da Hausa. Ɗauki wannan jimla: ina cin tuwo sai aka ɗauke wuta. Aiki biyu ne a ciki. Ɗaya yana gudana, "ina ci". Ɗaya ya faɗo masa ya katse shi, "aka ɗauke". Na farko imparfait, na biyu passé composé, wato irin su j'ai mangé ɗin nan: je mangeais quand on a coupé le courant. Bambancin da ke tsakanin "ina yi" da "na yi", wanda yaron goye ma yake ji a bakin uwarsa, shi ne dai Faransanci ke nema a gare ka. Abin da ya rage kawai, "ina" na Hausa ba ya nuna da ko yanzu sai an duba zancen, shi kuwa imparfait da ɗin yana cikin jikinsa.

Haka "nakan" da "mukan" in labarin da ne. Da muna yara mukan je kasuwa kowace Juma'a: quand nous étions petits, nous allions au marché chaque vendredi. Kalmomi irin su souvent, d'habitude, autrefois da tous les jours kan yi maka ishara.

Sai siffanta yanayi. Ana zafi, il faisait chaud. Akwai mutane da yawa, il y avait beaucoup de monde. Shekaru ma sun zo daidai da namu, domin Bafaranshe "yana da" shekaru kamar Bahaushe: ina da shekara goma a lokacin, j'avais dix ans. Tatsuniyarsu da shi take buɗewa, il était une fois, inda mu muke cewa ga ta nan ga ta nanku.

Akwai tarko guda da ke kama har masu ƙoƙari. Suna ɗauka duk aikin da ya daɗe imparfait ne. Ba tsawo ake dubawa ba, iyaka ake dubawa. In ka faɗi adadin lokacin kuma abin ya ƙare, passé composé ne: j'ai habité trois ans à Zinder. Saurari Hausarka: na yi shekara uku a Damagaram, ba "ina yin" ba. In kuwa ka ce lokacin ina zaune a Damagaram, to j'habitais à Zinder.

Bayan kalmar si, imparfait yana da wasu ayyuka biyu da za ka ji kullum a bakin mutane a Yamai. Si j'avais de l'argent, j'achèterais une moto: da ina da kuɗi, da na sayi babur. Kula, bayan wannan si imparfait ake sawa, ba j'aurais ba. Na biyu tayi ne cikin ladabi: si on allait au marché? Ko mu je kasuwa? Haka in za ka roƙi babba wani abu, je voulais vous demander ya fi je veux taushi nesa ba kusa ba.

Don gwaji, rubuta jimla goma da Hausa a kan gidanku lokacin kana firamare. Ja layi a ƙarƙashin kowane "ina", "muna", "nakan" da "akwai", ka zagaye kowane "na", "muka" da "sai ya". Masu layi ka nemo musu nous, ka yanke -ons, ka liƙa ɗafa-ƙeya. Waɗanda ka zagaye ka bar wa passé composé.