Tallafin Kuɗi ga Ƙungiyoyin da ke Kula da Masu Gigin Tsufa

A kusan kowace unguwa ta ƙasar nan akwai gidan da ake fama da wani tsoho ko tsohuwa a ɓoye. Wata ta manta sunayen 'ya'yan da ta haifa, ta ci tuwo yanzu ta ce an hana ta abinci. Wani kuwa ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Mutane sukan ce gigin tsufa ne su kau da kai, waɗansu ma su ce maita ce ko sammu. Manufar wannan darasi ita ce bayyana wa jama'a yadda ƙungiyoyin sa-kai ke samun tallafin kuɗi domin agaza wa irin waɗannan gidaje, da abin da ya kamata a yi da kuɗin, da kuma sharuɗɗan samunsa.

Ciwon da nauyinsa

Da farko ya kamata a sani cewa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ne yake kamuwa da shi ba. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a shekarar 1906, kuma da sunansa ake kiran ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke da gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfin arziki da masu matsakaicin ƙarfi, kuma ana samun sababbi wajen miliyan 10 kowace shekara.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Saboda haka babban aikin shi ne jinya, jinyar kuwa a gida ake yinta. Hukumar ta ce a shekarar 2019 ciwon ya ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kimanin rabin wannan kuwa ƙimar wahalar dangi ce da abokan arziki waɗanda ba a biyan su ko kwabo. Mata ne ke yin kashi 70 cikin 100 na sa'o'in wannan jinya. Ke nan a kowane gida mutum biyu ne ke bukatar agaji: marar lafiya, da kuma 'yar ko surukar da ta bar sana'arta, ta rasa barci, domin tsaronsa.

Mene ne tallafi?

Tallafi kuɗi ne da hukuma, ko gidauniya, ko wani mai hannu da shuni ke bai wa ƙungiya domin wani aiki da aka ƙayyade, cikin lokacin da aka ƙayyade. Ba a mayar da shi kamar rance, amma ƙungiya ba ta da ikon kashe shi yadda ta ga dama. Amana ce, kuma lalle a ƙarshe za a nemi bayanin kowace naira.

Misali daga Amurka zai taimaka wajen fahimtar tsarin. A shekarar 2000 aka yi wa dokar kula da tsofaffi ta ƙasar, wadda aka kafa tun 1965, gyara, aka ƙirƙiro shirin tallafa wa masu jinyar danginsu. Gwamnatin tarayyarsu takan ba jihohi kuɗi, jihohi su ƙara rubu'in abin da aikin zai ci, sannan a miƙa wa hukumomin yanki da ƙungiyoyi. Ayyuka biyar aka yarda a yi da kuɗin: wayar da kan masu jinya, taimaka musu wajen samun ayyukan da ke akwai, ba su shawara da horo, samo wanda zai karɓe su su huta, da ɗan ƙarin agaji na kayan bukata. Abin lura a nan shi ne, mai jinya aka sa a gaba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a gare mu. Tun a shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Ya nuna cewa dangi da maƙwabta abokan aikin likita ne. A baya-bayan nan kuma Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Abin da ƙungiya za ta yi da kuɗin

Aikin da ya fi amfani ba ya bukatar dogon gini. Ƙungiya tana iya horar da matasa da matan unguwa su riƙa karɓar mai jinya yini ɗaya a mako. Tana iya shirya zama duk wata inda masu jinya za su haɗu da ma'aikacin lafiya su koyi yadda ake yi wa tsoho wanka, da ba shi abinci, da lallashinsa idan ya rikice. Tana iya biyan kuɗin mota zuwa asibiti, irin asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kaduna, Kware, Maiduguri, Yaba, Aro da Enugu, domin akwai ruɗewar da wani ciwo daban ke kawowa, wadda likita ke iya magancewa. Har ila yau tana iya zama da limamai da fastoci da masu unguwanni, domin a daina jifan tsohuwa marar lafiya da sunan mayya.

Sharuɗɗan samun tallafi

Mai ba da tallafi ba ya damƙa kuɗi ga taron da ba shi da shugabanci. Abubuwa huɗu ne ƙungiya za ta tanada:

1. Rajista. A yi rajistar amintattun ƙungiya a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC. Akan buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan rajista kuma akwai rahoton da ake kai wa hukumar kowace shekara.

2. Asusun banki da sunan ƙungiya, wanda mutum ɗaya ba zai iya cire kuɗi daga cikinsa shi kaɗai ba.

3. Littafin lissafi da rasit. Ma'aji ya rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, tun daga karo-karon 'yan ƙungiya.

4. Rubutaccen tsarin aiki. Alal misali, maimakon a ce "za mu taimaki tsofaffi", sai a ce: gidaje 30 ne a gundumarmu, za mu horar da mutum 15, kowane mai jinya ya huta yini ɗaya a mako har shekara guda, ga kuma abin da hakan zai ci.

Jama'a su yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce a biya shi kafin a saki kuɗin tallafi, a guje shi. Haka kuma ba daidai ba ne a ɗauki hoton tsoho marar lafiya a baza don neman kuɗi ba da yardar iyalinsa ba, domin mutuncinsa bai gushe tare da tunaninsa ba.

Daga ƙarshe, kowane tallafi yana da ranar ƙarewa, jinya kuwa takan ɗauki shekaru. Ƙungiyar da ta fara da gudummawar 'ya'yanta, ta riƙe lissafi tun tana da naira kaɗan, ita ce masu ba da tallafi suke amincewa da ita, ita ce kuma ke ci gaba da aiki bayan kuɗin ya ƙare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Gidaje nawa ne a unguwarku ake jinyar mai gigin tsufa, kuma wa ke jinyar?
2. Wane aiki ƙungiyarku za ta iya somawa a watan nan ba tare da jiran tallafi ba?
3. Cikin sharuɗɗa huɗun nan, wanne ne ya rage muku?