DARASIN WANNAN WATA: YADDA ZA KA ZAƁI CAJAR MOTA MAI SAURI

Darasinmu na wannan wata a kan wani ɗan ƙaramin abu ne wanda da kaɗan ya fi babban yatsa. Amma duk da ƙanƙantarsa yana iya gyara wa mutum tafiya, yana kuma iya jawo masa hasara. Wannan abu kuwa shi ne cajar mota, wato cajar da ake cusawa a ramin kunna sigari na gaban mota don a ba waya wuta.

Tun da wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ta zama abokiyar sana'a. Da ita manomi ke jin farashin hatsi a Dawanau kafin ya ɗora buhunsa a mota. Da ita falke ke jin yadda shanu suka kwana a Maigatari. Da ita ake turo kuɗi, da ita ake kiran mota idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare. To, ga shi kuma a yawancin ƙauyukanmu wutar lantarki ba ta samuwa kullum, wasu ma ba a kai musu ba. Don haka mota ta zama wurin caji ga direba da fasinja baki ɗaya.

Sai dai ba kowace caja ce ta kirki ba. Wata za ta yi awa biyu a jone ba ta ƙara wa waya abin a zo a gani ba. Wata za ta yi zafi ta ƙone. Wata kuma ta kashe wayar da mutum ya sayar da buhunan masara ya saya. Saboda haka ku karanta wannan darasi a hankali.

1. MENE NE AIKIN CAJAR MOTA?

Batirin ƙaramar mota yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12. Idan inji yana aiki takan hau zuwa wajen bolt 14. Manyan motoci kuwa, irin su tirela da tanka, yawancinsu bolt 24 ne. Ita kuma waya, wutar da take karɓa ta yau da kullum bolt 5 ce kawai. Aikin caja shi ne ta rage ƙarfin wutar mota zuwa daidai abin da waya za ta iya ɗauka. Caja mai kyau tana tsare waya. Marar kyau, ranar da ta lalace, tana iya sakin wutar mota gaba ɗaya ta shiga cikin waya. Daga nan sai wajen mai gyara.

2. HARUFFA UKU DA ZA KA NEMA

A jikin kowace caja ta ƙwarai, ko a bayan kwalinta, akwai ƙananan rubutu. A cikinsu za ka ga haruffa uku: V da A da W. Bari mu kwatanta su da ban-ruwa a fadama.

V shi ne bolt. Kamar ƙarfin da injin ban-ruwa ke tura ruwa da shi ne.

A shi ne amfiya. Kamar yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo ne.

W shi ne wat. Shi ne saurin da ruwa ke cika kwami. Wat shi ne abin da ya fi muhimmanci ga mai neman caja mai sauri.

Idan ba a rubuta wat ba, kana iya gano shi da kanka. Ka ninka bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne wat. Ga misali:-

5V sau 1A = 5W. Wannan caja ce mai nawa.
5V sau 2.4A = 12W. Wannan matsakaiciya ce.
9V sau 2A = 18W. Wannan ta shiga sahun masu sauri.

Yawancin manyan wayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu batirinsu 5000mAh ne. Cajar 5W tana ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ta cika irin wannan batir. Cajar 18W kuwa kamar awa 2 take yi, idan wayar tana karɓar caji mai sauri. Ka ga ke nan, a tafiyar awa ɗaya, mai 18W zai sauka da kusan rabin batir, mai 5W kuwa da ƙyar zai samu kashi ɗaya cikin huɗu.

3. KA FARA SANIN WAYARKA

Kafin ka je kasuwa, ka duba kwalin wayarka ko kan cajar da ta zo da ita. Nemi lambar da ke da W a gefenta. Wasu wayoyi 10W suke karɓa, wasu 18W, wasu 25W, 33W ko 45W. Waya ba ta shan abin da ya fi cikinta. Idan wayarka ta 10W ce, ko ka sayi cajar 65W, 10W ɗin dai za ta ɗauka. Cajar ba za ta ɓata ta ba in ta ƙwarai ce, amma ka biya kuɗin abin da ba ka mora ba. Ƙaramar waya mai madannai, da tocila, da rediyo mai caji, ba su buƙatar caja mai sauri ko kaɗan.

Har ila yau, kafin caji mai sauri ya fara, sai waya da caja sun fahimci juna, kamar mutum biyu masu jin yare ɗaya. Yarukan da suka fi yawa biyu ne, kuma ana rubuta su a jikin caja:-

PD: wannan yana fita ne ta ƙaramin baki mai kama da ƙwayar kafso, wanda ake kira USB-C. Wayoyin iPhone da na Samsung da sauran sababbin wayoyi da yawa suna aiki da shi. Wayoyin Samsung masu 25W suna son a ga an ƙara rubuta PPS kafin su kai cikakken saurinsu.

QC 3.0: wannan yawanci yana fita ne ta babban baki mai kusurwa huɗu, wanda ake kira USB-A. Yakan ba da 18W.

Wasu wayoyin Tecno da Infinix masu 33W ko fiye suna da tasu hanya ta kamfani. Irin waɗannan za su yi caji da wata cajar, amma ba lalle ne su kai cikakken saurinsu ba. Don haka shawara ita ce ka sayi caja mai baki biyu, ɗaya PD mai 20W zuwa 30W, ɗaya kuma QC 3.0. Wannan za ta wadatar da yawancin wayoyin da ke hannun jama'a. Mai son cajin kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ke caji ta bakin USB-C, shi sai ya nemi PD mai 45W zuwa 65W.

4. KALMOMI BIYU NA TURANCI

Akwai kalmomi biyu da ya kamata ka iya gane su ko da ba ka jin Turanci.

Ta farko ita ce Input, wato wutar da ke shiga caja. Ka nemi wadda aka rubuta 12V-24V. Ita ce ke aiki a ƙaramar mota da babba. Wadda aka rubuta 12V kaɗai, idan aka sa ta a tirela mai bolt 24, tana iya ƙonewa nan take. Direbobin manyan motoci da yaran mota, ku lura da wannan.

Ta biyu ita ce Output, wato wutar da ke fita zuwa waya. A nan ne ake yaudarar mutane. Za ka ga an rubuta babbar lamba a gaban kwali, misali 60W, alhali kuwa jimillar dukan bakunan ce. Idan caja tana da baki huɗu, kowa ya jona tasa, sai wutar ta rabu kamar tuwon gidan yawa. Saboda haka ka juya kwali, ka karanta abin da kowane baki ke bayarwa shi kaɗai. Cajar da ba a rubuta mata Input da Output ba, ka ajiye wa mai ita abinsa.

5. KADA KA RAINA IGIYA

Mun ce amfiya kamar ruwa ne a cikin tiyo. To, igiyar caja ita ce tiyon. Komai ƙarfin inji, idan tiyo siriri ne ko ya huje, ruwa ba zai isa kwami da sauri ba. Igiya mai arha wayoyin cikinta sirara ne, wuta tana raguwa a hanya. Mai tsawo da yawa ma haka. Mita ɗaya ta isa a cikin mota. Idan kana da igiyar da ta zo da wayarka, ita ce ta fi. In saya za ka yi, nemi wadda aka rubuta 3A. Igiyar da ta tsage ko aka ɗaure ta da leda, a jefar da ita.

Wani abu kuma, 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin sigari don sauraren memori ta rediyo, ita ma tana da bakin caji. Haka kuma wasu motoci suna zuwa da bakin USB a jikin rediyonsu. Yawancin waɗannan wutarsu kaɗan ce. Kada ka dogara da su in sauri kake so.

6. RANAR SAYE

Hausawa sun ce ba a sayen biri a sama. Ka tafi da wayarka da igiyarka. Idan da hali, a gwada cajar a cikin mota kafin ka biya. Ga abubuwan da za ka duba:-

(a) Ta shiga ramin ta zauna daram? Cajar da ke lilo, da an faɗa gargada sai ta riƙa yankewa. Hanyoyinmu na karkara ba sa ƙyale caja mai sako-sako.

(b) Waya ta nuna alamar caji mai sauri? Wayoyi da yawa suna rubutawa a fuska, ko su canza alamar walƙiya.

(c) Ka duba lambar batir, ka jira minti 10, ka sake dubawa. Idan batir yana ƙasa da rabi, cajar 18W ya kamata ta ƙara masa wajen kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. In kashi 2 ko 3 ka gani, akwai matsala a caja ko a igiya.

(d) Ka taɓa ta. Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne. Amma zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko ƙaurin roba, alamar haɗari ce.

(e) Ka kunna rediyon mota. Caja marar kyau takan sa rediyo shuuu.

(f) Ka saya a shagon da ka sani, inda za ka iya komawa. Ka nemi rasit, ka kuma tambayi kwana nawa aka ba ka na mayarwa. Araha ba ta ado. Kada garin tsimin kuɗin caja ka yi hasarar kuɗin waya.

7. YADDA ZA KA KULA DA ITA

Ka tayar da mota tukuna, sa'an nan ka jona waya. Idan ka kashe mota da dare, ka zare cajar. A wasu motoci ramin sigari ba ya mutuwa ko an zare makulli, kuma abin da aka bari a jone yana shan batir a hankali.

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin waya. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Arewa yakan kai digiri 40, gaban mota a ƙarƙashin gilashi kuwa ya fi haka nesa. Kada ka ɗora waya a can tana caji. Ka sa ta a inuwa. Idan ta yi zafi, ita da kanta za ta rage saurin caji. Haka nan idan batir ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari, caji yakan rage gudu. Wannan ba lalacewa ba ce, dabarar kare batir ce.

Ramin sigari yana da fis, yawanci mai 10A ko 15A. Idan fis ya ƙone, a sa wani mai lamba iri ɗaya. Kada a naɗa masa waya ko takardar gwangwanin sigari. Fis mai gadi ne, in aka kore shi wayoyin mota na iya kamawa da wuta. Kada a bar yara su jefa kwabo ko ƙusa a ramin. Idan ƙura ta taru, a kashe mota a share da tsinke da ƙyalle, ban da ƙarfe.

Masu babur da masu A-daidaita-sahu, batirinku ƙarami ne. Ku sa mai gyaran wuta ya haɗa muku caja ta bayan makulli, tare da fis. Masu batirin mota ko na sola a gida, kada ku taɓa jona waya kai tsaye da batir. Sai ta bi ta caja. Jar waya a kan alamar +, baƙa a kan alamar –.

Daga ƙarshe, direba ya jona wayarsa kafin ya ja mota. Taɓa waya ana cikin tuƙi laifi ne a dokar hanya ta Nijeriya, kuma rayukan fasinja suna hannunka.

TAMBAYOYI

Ku amsa waɗannan a littafinku, ku tattauna da abokan karatu:-

1. Bolt nawa ne batirin ƙaramar mota? Na tirela fa?
2. An rubuta 5V da 2A a jikin caja. Wat nawa ke nan?
3. Wayarka ta 10W ce. Cajar 45W za ta ƙara mata sauri?
4. Me za ka nema a gefen kalmar Input idan kai direban babbar mota ne?
5. Kawo alamu uku na caja marar kyau.

AIKIN GIDA: Ka ɗauki kan cajar wayarka, ka kwafe lambobin da ke da V da A da W a takarda. Ka sa takardar a aljihu ranar kasuwa. Wanda kuma ya karanta wannan darasi, ya karanta wa direban garinsu.